Daga Landan zuwa Sagnarigu: Rigimar harajin hayaƙin jiragen ruwa da aljihun talaka

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titin Bolgatanga, wajen Jisonayili ko Kanvili a yankin Sagnarigu, zai ga tireloli suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Masu yin arewa na ɗauke da kwantenonin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, sun nufi kan iyakar Paga, daga can su shiga Burkina Faso, wasu har Mali da Nijar. Masu yin kudu kuwa, idan kaka ta yi, shaƙe suke da buhunan ƙwarar kaɗanya da waken soya da masara. A gefensu babura da yalo-yalo na ta kutsawa, kowa na neman abin kaiwa gida.

Tsakanin wannan titi da bakin teku akwai tafiyar sama da kilomita 600, kuma da yawa daga cikin masu bin sa ba su taɓa ganin babban jirgin ruwa da idonsu ba. Amma babur ɗin da matashi ke hawa, da takin zamanin da manomi ke zuba wa masara, da wayar da ke aljihu, da shinkafar waje da ke jibge a kasuwar Aboabo, duk jirgin ruwa ne ya kawo su. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ake cinikinsu tsakanin ƙasashen duniya ta teku suke bi.

Shi ya sa abin da ya faru a birnin Landan ranar Juma'a 17 ga Oktoban 2025 ya shafe mu. A ranar ce wakilan ƙasashe a Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, suka kaɗa ƙuri'ar ɗage amincewa da dokar da za ta fara cajin jiragen ruwa kuɗi kan hayaƙin da suke fitarwa. Ƙasashe 57 suka ce a ɗage da shekara guda, 49 suka ce a ci gaba, 21 suka yi rowar ƙuri'arsu. Wani zai ce ina ruwan biri da gada. To, da ruwansa, kuma tarihin zangonmu ma ya isa shaida.

Darasin Salaga

Kakannin da yawa daga cikin Hausawan arewacin Ghana goro ne ya kawo su. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ƙarƙashin jagorancin madugu, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja. Su sauke kanwa da tufafi da kayan fata, su ɗauki goron Asante su koma. Salaga ta cika ta batse a wancan zamani, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, mutanenta suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangogi.

Yaƙi ya taimaka wajen rushe garin, amma abin da ya hana hanyar ayari farfaɗowa shi ne jirgin ruwa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara loda goro a jirgi daga Accra, wadda mu a zango muke ce wa Ankara, a kai shi Legas cikin 'yan kwanaki. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai lissafi ya sauya gaba ɗaya. Goro ba ya son daɗewa a hanya, kuma jaki ba zai ja da jirgi ba. Alhassan Dantata na cikin fataken da suka fahimci haka da wuri, suka rungumi hanyar teku suka yi arziki. Waɗanda suka tsaya kan tsohuwar hanya kuwa, kasuwa ta bar su a baya.

Darasin a fili yake: duk lokacin da kuɗin dako ya sauya, arziki ma sauya mazauni yake yi. Kuma galibi waɗanda abin ya fi shafa su ne na ƙarshen samun labari.

Me aka shirya a Landan?

Manyan jiragen ruwa baƙin mai suke sha, wato kaurin da ke saura bayan matata ta cire fetur da kananzir da gas. Yana da arha, amma duk tan ɗaya da aka ƙona yana fitar da iskar kabon sama da tan uku. Binciken da IMO ta fitar a 2020 ya nuna cewa jiragen ruwa ne ke da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, wato sama da tan biliyan ɗaya a shekarar 2018. Da a ce su ƙasa guda ce, da suna cikin ƙasashe goma da ke kan gaba wajen gurɓata iska.

Matsalar ita ce hayaƙin tsakiyar teku ba shi da uba. Jirgi na iya zama mallakin attajirin Girka, yana ɗauke da tutar Laberiya, ma'aikatansa 'yan Filifin, kayan cikinsa daga Sin za su Tema. Wace ƙasa za a tuhuma? Don haka aka bar wa IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai ƙasashe 176, ta samo mafita. Hukumar ta taɓa yin irin wannan aiki: daga Janairun 2020 ta rage yawan farar wutar da aka yarda man jirgi ya ƙunsa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100, kuma dokar ta zauna.

A Yulin 2023 ƙasashen suka amince cewa zuwa wajajen 2050 jiragen ruwa su daina ƙara wa duniya hayaƙi. Alkawari ne a takarda, sai a Afrilun 2025 aka fito da yadda za a cika shi. Tsarin ya shafi jiragen da girmansu ya wuce tan 5,000, waɗanda su ke fitar da kashi 85 cikin 100 na hayaƙin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. An ja layi biyu. Layi na farko ya ce a 2028 kowane jirgi ya rage dattin man da yake sha da kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da 2008, layi na biyu mai tsauri ya ce kashi 17. Kowace shekara layukan na ƙara matsewa, har zuwa 2035 su kai kashi 30 da kashi 43. Jirgin da ya kasa cika ko na farkon zai biya dala 380 kan kowane tan na hayaƙin da ya ɗara. Wanda ya faɗa tsakanin layukan biyu zai biya dala 100 kan tan. Wanda kuwa ya zarce layi mai tsauri, ta hanyar amfani da mai mai tsafta irin su metanol ko amoniya da aka samar da wutar rana ko ta iska, zai samu rarar da zai iya sayar wa wasu.

An yi hasashen tara wajen dala biliyan 10 ko fiye a kowace shekara. Kuɗin za su shiga wani asusu na IMO, a saka wa masu amfani da mai mai tsafta, a kuma tallafa wa ƙasashe masu tasowa, har da rage musu raɗaɗin tsadar abinci idan dokar ta jawo hakan. A ƙuri'ar Afrilu ƙasashe 63 suka goyi baya, ciki har da na Tarayyar Turai da Sin da Indiya da Brazil da Japan. Ƙasashe 16 suka ƙi, yawancinsu masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ƙananan tsibiran tekun Pasifik, waɗanda ruwa ke barazanar cinye ƙasarsu, sun ƙaurace wa ƙuri'ar don a ganinsu tsarin ya yi sassauci da yawa. Su haraji kai tsaye na dala 150 kan kowane tan suka nema.

Yadda zaman ya watse

Abin da ya rage a Oktoba shi ne a buga wa tsarin hatimi ya zama doka, ya fara aiki a 2027. Sai Amurka ta sa ƙafa. Gwamnatin Shugaba Donald Trump ta ce wannan haraji ne da wata hukumar duniya ke son ƙaƙaba wa Amurkawa, kuma ba za ta lamunta ba. Ana saura 'yan kwanaki a zauna, sakataren harkokin wajenta Marco Rubio tare da takwarorinsa na makamashi da na sufuri suka fitar da sanarwar gargaɗi ga duk ƙasar da ta goyi baya: za a iya hana jiragenta shiga tashoshin Amurka ko a ƙara musu kuɗin tsayawa, a hana ma'aikatan jiragenta biza, har a sa wa jami'anta takunkumi.

Ga ƙaramar ƙasa mai sayar da kaya a kasuwar Amurka, ko mai jiran tallafinta, wannan ba gargaɗin wasa ba ne. A ranar ƙarshe ta zaman Saudiyya ta nemi a kaɗa ƙuri'a kan ɗagewa, kuma ta yi nasara. Ko a cikin Tarayyar Turai an samu ɓaraka, domin Girka da Cyprus, masu tarin jiragen ruwa, sun ƙi bin sahun 'yan'uwansu, sun yi rowar ƙuri'a. An ɗage zaman da shekara guda.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne babbar ƙungiyar masu jiragen ruwa ta duniya, ICS, ba murna ta yi da ɗagewar ba, takaici ta nuna. Dalili kuwa, jirgin da aka ƙera yau zai yi shekara 25 ko fiye yana aiki. Mai jirgi na son ya san irin injin da zai saya tun yanzu, kuma ya fi son doka ɗaya ta duniya a kan kowane yanki ya yi tasa.

An gudu ba a tsira ba

A nan ne maganar ta dawo gida. Ɗage dokar IMO bai sa mun tsira daga biyan kuɗin hayaƙi ba, domin Turai ba ta jira kowa ba. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta shigar da jiragen ruwa cikin kasuwarta ta takardun izinin fitar da hayaƙi. Jirgin da ya tashi daga Tema ya sauka a Rotterdam ko Antwerp, ana lissafa masa rabin hayaƙin tafiyar. A 2024 ya biya kashi 40 cikin 100 na wannan lissafi, a 2025 kashi 70, daga 2026 kuma duka zai biya.

Kamfanonin jiragen ba daga aljihunsu suke fitar da kuɗin ba. Sun ƙara wani caji na musamman a kan kowace kwantena, mai kaya ya biya, shi kuma ya ɗora a kan farashi. Wato ɗan kasuwar da ya yi odar tsofaffin kayan mota daga Jamus, da kamfanin da ke fitar da man kaɗe zuwa Holan, tuni suna biyan kuɗin hayaƙi. Kuɗin kuma baitulmalin ƙasashen Turai suke shiga, babu kason da doka ta ware wa Ghana a ciki.

A tsarin IMO, komai rauninsa, akwai asusun da ƙasashe irin namu za su iya miƙa hannu su ce a ba su rabonsu, kuma Ghana na da kujera a zauren da za a yanke yadda za a raba. A tsarin Turai kuwa ba mu da ƙuri'a ko ɗaya.

Wa zai fi ji a jikinsa?

Ba kowane kaya ne ƙarin kuɗin dako ke taɓawa daidai ba. Kwantena guda na ɗaukar dubban wayoyin hannu, idan aka raba ƙarin a kansu ba wanda zai lura. Amma kaya mai nauyi mai ƙaramar daraja, irin su taki da shinkafa da alkama da dutsen haɗa siminti, kuɗin dako babban kaso ne na farashinsa. Ghana kuwa kusan duk takin zamanin da take amfani da shi daga waje yake zuwa. Manomin Sagnarigu bai manta da 2022 ba, lokacin da yaƙin Rasha da Ukraine ya sa buhun taki ya gagari mutane da yawa, wasu suka rage gona, wasu suka koma waken soya da gyaɗa da ba sa cin taki sosai.

Ta ɓangaren fitar da kaya ma haka ne. Matan karkarar Dagwamba kan fita tun asuba da farkon damina su tsinto kaɗanya, cikin raɓa da haɗarin maciji, su dafa, su shanya, su fasa. Yawancin ƙwarar da ake fitarwa masana'antun cakulan da na man shafawa na Turai take zuwa, domin dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa man kaɗe da wasu mayuka har kashi 5 cikin 100 a cakulan. Mai saye a Turai na da zaɓi, yana iya komawa wani mai. Mai tsintar ƙwara ba ta da zaɓi. Idan kuɗin dako ya tashi, sau da yawa ba a can ake ƙara farashi ba, a nan ake rage wa mai kwano a kasuwar ƙauye.

Saboda haka tsoron da wasu ƙasashen Afirka da na Kudancin Amurka suka nuna ba na banza ba ne. Brazil ta daɗe tana cewa haraji iri ɗaya kan kowane tan zai zalunci ƙasashen da ke nesa da manyan kasuwanni. Nazarin da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta yi wa IMO ya nuna cewa ƙasashe matalauta da ƙananan tsibirai ne za su fi jin nauyin, sai dai idan an mayar musu da wani kaso na kuɗin da aka tara.

Ɗaya lissafin

Akwai kuma kuɗin da muke biya ba tare da rasit ba. A Yuli da Agustan 2024 ruwa ya ɗauke na makonni a arewacin Ghana daidai lokacin da masara ke buƙatarsa. Gonaki suka bushe a yankuna takwas na ƙasar, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje a ƙarshen Agusta. A wasu shekarun kuma ambaliya ce, musamman idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwa ya malalo ya shafe gonakin bakin kogi. Masana yanayi sun daɗe suna gargaɗin cewa ɗumamar duniya na ƙara rikita damina a yankin nan namu. Gaba ɗayan Afirka kuwa abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba.

Ka ga kenan ta ko'ina talaka na biya. In an sa haraji ya biya a farashin taki, in ba a sa ba ya biya a gonar da ta ƙone.

Mutanen Tamale sun san ɗacin harajin hayaƙi. Daga Fabrairun 2024 gwamnati ta fara karɓar sidi 75 a shekara kan kowane babur da keke mai ƙafa uku, manyan motoci kuma har sidi 300. A garin da kusan kowane gida ke da babur, ƙorafi ya yi yawa, kuma babban abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne ba su ga inda kuɗin ke zuwa ba. A Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya sa hannu aka soke shi tare da harajin tura kuɗi ta waya. Abin da wannan ya koya mana shi ne jama'a ba sa yarda da harajin da ba su ga amfaninsa a ƙasa ba. Haka tambayar take a Landan: idan an tara biliyoyin, nawa ne zai dawo, kuma ta wace hanya?

Abin da ke hannunmu

Ghana ba ta da manyan jiragen dakon kaya na kanta tun da kamfanin Black Star Line, wanda aka kafa a 1957 zamanin Kwame Nkrumah, ya durƙushe. Farashin dako a hannun kamfanonin waje yake. Amma akwai abubuwan da ba sai an jira Landan ba.

Na farko, rage tsadar hanyar cikin gida. Sau da yawa wahalar kawo kaya daga Tema zuwa Tamale, ta Kumasi da Techiman da Kintampo, da shingayen hanya da lalacewar mota, ba ta gaza ta teku ba. Alhali ga tafkin Volta nan, wanda jiragen dako ke bi daga Akosombo zuwa Buipe da man fetur da siminti. An buɗe layin dogo mai kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin a Nuwamban 2024. Idan aka haɗa jirgin ƙasa da na ruwa yadda ya kamata, kwantena za ta iso Buipe da ƙarancin mai da ƙarancin kuɗi, tirela ta ƙarasa da ita Tamale cikin sa'o'i kaɗan. Irin wannan aiki ne ya dace wakilan Ghana su nemi asusun IMO ya ɗauki nauyinsa.

Na biyu, sarrafa kaya kafin a fitar. Kusan rabin nauyin ƙwarar kaɗanya ne kawai mai, sauran dusa ce. Wanda ya fitar da ɗanyar ƙwara yana biyan kuɗin dakon abin da za a zubar a can. Ƙungiyoyin mata a kewayen Tamale, irin su Tungteiya da ke sayar wa kamfanin The Body Shop man kaɗe tun shekarun 1990, sun nuna cewa ana iya yi. Maƙwabta ma sun farga: Burkina Faso da Mali sun dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara a 2024, Najeriya ta bi sahu a Agustan 2025.

Na uku, 'yan kasuwarmu su riƙa karanta takardar cajin da ejan ya miƙo musu layi bayan layi, su tambayi ma'anar kowane ƙari. Hukumar Kula da Masu Shigo da Kaya da Fitarwa ta Ghana na da ofishi a Tamale, kuma dokar da majalisa ta zartar a 2024 ta ƙara mata ƙarfin sa ido kan cajin da kamfanonin jiragen ruwa ke ɗorawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Aboabo da babbar kasuwar Tamale da na zangogi na da damar kai kokensu a ƙungiyance.

Na huɗu, a tambayi 'yan majalisar da muka zaɓa: wane matsayi Ghana za ta ɗauka idan aka koma zama, kuma me ta nema wa manomin arewa a cikin asusun? Tun ran gini ake zane. Ranar da ake rubuta ƙa'idar rabon kuɗi ita ce ranar magana, in an gama rubutawa sai dai a karɓi abin da aka bayar.

Fataken Salaga ba wanda ya shawarce su kafin jirgin ruwa ya kwashe musu kasuwar goro, labari kawai suka ji bayan ayari ya daina zuwa. Jikokinsu na Tamale da Sagnarigu sun samu labari tun hukunci bai faɗi ba, kuma ƙasarsu na da ƙuri'a a zauren. Allah ya sa a yi amfani da ita ta hanyar da za ta amfani mai tsintar ƙwara da mai noman masara.